Ƙofar da Ba a Buɗe wa Mutum Ɗaya

Jawabin Zannun Jarjis, mai riƙon makullin Mar Abda, a taron arba'in na Rabi Odisho Zomaya, a ƙauyen Barzaita.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Aminci ya tabbata a gare ku baki ɗaya.

Kasha Toma, limamin cocin Gabas, wanda ya taso tun daga birni saboda wannan zama, sannu da hanya. Abuna Barsaum, limamin cocin Yamma, da ya ba mu wannan farfajiya muka shimfiɗa tabarmi, mun gode. Liman Abdulbaƙi na masallacinmu, Allah ya ƙara lafiya. Mai gari da dattawan Barzaita, malaman makaranta da tsofaffin ɗalibai, maƙwabta na kusa da na nesa, ina gaishe ku. Sai ke Nahrain, 'yar marigayi, da mijinki da 'ya'yanki. Na bar ki a ƙarshe ne domin ke kika fi kowa rashi, kuma yawancin abin da zan faɗa, ke nake faɗa wa.

Da mai gari ya ce ni zan yi magana, na ce masa ga limamai har uku, me za a yi da manomin inabi? Ya ce, "Zannun, in na ba na Gabas, na Yamma su kumbura. In na ba na Yamma, na Gabas su tashi su tafi. Kai ɗin dai ne, kamar kullum." Ban ƙara musu ba, don aikin gidanmu ke nan tun kaka da kakanni.

Ga shi nan a hannuna, kun san shi, tsawonsa kamar ludayin miya. Makullin Mar Abda ne, tsohon gidan ibadar da ke kan dutsen can, inda waliyyi mai wannan suna yake kwance. Baƙi da ke cikinmu su sani, ba a buɗe ƙofar nan sai sau ɗaya a shekara, ranar idin waliyyin, bayan an gama tsinkar inabi. Kuma ba a buɗe wa mutum ɗaya. Sai ɗan cocin Gabas haifaffen garin nan ya tsaya a dama ya karanta kalmomin roƙonsu, ɗan cocin Yamma ya tsaya a hagu ya karanta nasu, sannan Musulmi daga gidanmu ya sa makulli. In ɗaya ya rasa, ƙofa tana nan a rufe. Inabi ya nuna, idi ya kusa, kuma mutumin da muka binne shi ne ɗan Gabas na ƙarshe da ke kwana a Barzaita. Tun ranar jana'iza kowa yake ɗauke da wannan magana a ciki, ba wanda ya furta. To ni na furta, kuma zan dawo kanta.

Marigayi ya kasance malaminmu, shi ya sa muke ce masa Rabi, wato malam a harshensu na Suryanci. Babu gidan da ke garin nan, na Kirista ko na Musulmi, da ba a samun wanda ya koyi riƙe alƙalami a hannunsa. Lokacin da rufin makaranta ya rufta, aka ce yara su zauna a gida sai gwamnati ta waiwaye mu, shi ya kwashe su zuwa inuwar goron dutsen da ke ƙofar gidansa, ya jingina allo a jikin itacen. Da sanyi ya shigo ya mayar da su ɗakin baƙinsa. Marigayiya matarsa, Allah ya sani, ta yi haƙuri da ƙafafun yaran garin nan a kan shimfiɗunta.

Ya kasance mai taurin kai. Ban zo nan in wanke shi ba, kun san shi na san shi. Sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki, kuma ban taɓa jin ya ce "ka fi ni gaskiya" ba. Iyakar abin da yake yi in an kama shi, ya ce shayi ya huce, a kawo wani.

Ya kasance mai riƙon labarinmu, kuma nan ne nake so in daɗe kaɗan. Mu mutanen Barzaita mun tashi mun tarar da coci biyu a gari ɗaya, ba sa cin jibin ibadar juna, a da ma ko aure ba sa haɗawa. Na Yamma su ce da na Gabas Nasɗurawa, na Gabas su ce da na Yamma Yaƙubawa, kowa yana jin an zage shi. Da yawanmu ba mu san mafari ba sai a bakin Rabi. Yakan ce tun kusan shekara ɗari biyu kafin a aiko Annabinmu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, manyan malaman Nasara suka yi ta taro a ƙasar Rum a kan tambaya guda: yaya za a faɗi matsayin Almasihu, kuma da wane suna za a kira mahaifiyarsa? Na Gabas suka tsaya a kan Uwar Almasihu. Na Yamma suka tsaya a kan wani suna wanda, Abuna ka yi mini uzuri, bakin Musulmi ba zai ɗauka ba. Sarkin Rum kuma yana da tasa aƙidar, da tasa rundunar. Wanda bai bi ta sarki ba a kore shi daga cocinsa. Na Gabas suka yi ƙarfi a ƙasar Farisa, malamansu suka bi ayari har Hindu da Sin. Na Yamma suka ɓuya a duwatsu da ƙauyuka. A dutsen nan namu kuwa sai ga su duka biyun a kan kabari ɗaya, kowa yana cewa waliyyin nasa ne.

A haka Musulmi suka iso suka same su. Abin da kakanninmu suka faɗa, kuma Rabi yakan ce babu rubutu a kai, baki ne ya miƙa wa baki, shi ne ɓangarorin biyu suka kai ƙara wurin alƙalin Musulmi, kowa yana so a ba shi ƙofar. Alƙalin ya saurare su har ya gaji, bai gane bambancin ba, ya ce shi ba zai raba musu abin da malamansu suka kasa rabawa ba. Sai ya kira wani mai kiwon raƙuma da ke tsaye a gefe ya ba shi makullin, ya ce kada ya buɗe sai sun zo tare. Mai raƙuman nan shi ne kakanmu. Rabi yakan ce, "Ka ga asalin sarautarku, Zannun. An duba duk wurin, aka zaɓi wanda bai fahimci komai ba."

Ba ya yarda a ce Musulmin farko baƙi ne a wurin kakanninsa. Yakan ce ayarin Larabawa a gidajen rahibai suke yada zango, su sha ruwa, su ga mutane suna azumi suna faɗuwa da goshi a ƙasa a lokutan da aka yanka. Akwai ƙabilun Larabawa da suka yi Nasaranci tun kafin nan. Yakan tuna mini da rahibin da ya tarbi ayarin Makka a hanyar Sham, da sarkin Habasha da ya ba masu hijira mafaka, da baƙin Najran da aka saukar a Madina. Ya ce, "Duk a littattafanku suke, ba ni na ƙaga ba. Amma ka taɓa tambaya ɗan wane coci ne kowannensu?" Ban taɓa tambaya ba. Ni a wurina Nasara Nasara ne, sai da ya nuna mini cewa wannan daban, wancan daban, kuma da an haɗa su a ɗaki ɗaya da sai an kira kakana.

Wata rana na fito daga sallar la'asar da ƙasa a goshi, ya dube ni ya ce, "Rahiban Mar Abda sun gama goge dutsen can da goshi kafin kakanka ya san inda alƙibla take." Na ce, "Rabi, mu daga Allah muka karɓo tamu." Ya ce, "Wa ya ce ba haka ba? Mu ma ai ba a kasuwa muka sayo ba." Liman yana wurin ranar, ga shi nan yana murmushi.

Amma kada wani ya ɗauka mai shafa wa tarihi zuma ne. Ya kasance mai faɗin ɗaci da zaƙi a zama ɗaya. Yakan ce akwai zamanin da likitan halifa ɗan cocinsu ne, malamansu suna juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci ana girmama su. Akwai kuma zamanin da aka tsananta jizya, aka hana su buga ƙararrawa, aka rushe abin da aka rushe. Wani saurayi daga cikinmu Musulmi ya taɓa dawowa daga birni da zafin kai, ya ce Kiristocin garin nan ragowar Turawa ne. Rabi ya kama hannunsa ya kai shi maƙabarta, ya nuna masa duwatsun da rubutunsu ya girmi duk wani Bature da ya taɓa taka ƙasar nan. Wani ɗan'uwan Rabi kuma ya zo hutu daga ƙasar waje yana cewa Musulunci bai kawo musu komai ba sai takobi. Rabi ya ce, "Kafin su zo wa yake korar kakanninka, ba mai gicciye a tuta ba? Je ka tambayi wanda ya ajiye maka makullin waliyyinka har ka girma ka zo kana zaginsa." Dukansu biyu sun tafi suna jin haushinsa, shi kuwa ko a jikinsa.

Yanzu bari in zo kan Afram. Ga shi can a jikin bango, ya sunkuyar da kai kamar ba shi ba. Afram mai matsar zaitun, dattijon cocin Yamma, shi ke tsayawa a hagu tun muna da baƙin gashi. Shi da Rabi ba su taɓa shan shayi sun tashi lafiya ba. Rabi ya ce masa ɗan bidi'a, shi ya ce wa Rabi ɓatacce. Har yadda suke furta Suryanci abin faɗa ne. Afram yakan ce in na Gabas suna addu'a, baki a wangale, sai ka ce akuya ta ɓace wa garke. Rabi ya ce na Yamma kuwa kamar mai magana da zazzafan dankali a baki. Mu muna dariya, su kuma da gaske suke.

Kun tuna shekarar gudu. Mayaƙan nan masu baƙar tuta ba su shigo Barzaita ba, amma muna jin bindigoginsu daga kwari. Mutanen cocin Yamma suka kwashe gaba ɗaya suka yi arewa, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Na Gabas dama saura gida biyu ne, ɗaya ya tafi. Rabi ya ƙi motsi. Da ranar idi ta zo, na gan shi da hantsi ya sa farar rigarsa ta ibada yana hawan dutse, sai na ɗauki makulli na bi shi. Ya tsaya a dama ya karanta kalmominsa. Hagu ba kowa. Tausayinsa ya kama ni, na zura makulli a ƙofa.

Ya ce, "Kai, mayar da abin nan aljihu."

Na ce, "Haba Rabi, wa zai gani? Ka shiga ka yi addu'arka mu sauka, ba ka jin abin da ake yi a kwari?"

Ya ce, "Ni zan gani, kai ma za ka gani. In ka buɗe mini ni kaɗai bana, baɗi Afram ya zo shi kaɗai ka buɗe masa. Shekara ta zagayo kowa ya ce a ƙera masa nasa makullin. Daga nan kuma me zai sa in sake kallon fuskar Afram?"

Ya durƙusa a bakin ƙofar, a waje, cikin rana, ya yi ibadarsa tun daga farko har ƙarshe bai rage komai ba. Ni ina tsaye da makulli a hannu ina kuka, ba na jin kunyar faɗa. A ranar na gane alƙalin nan na dā ba gajiya kaɗai ta sa ya yanke hukuncinsa ba.

Da shekara ta kusa zagayowa ya zo ya ce in fito da a-kori-kurata. Muka tafi har sansanin da aka tsugunar da mutanenmu. Muka tarar da Afram zaune a bakin tanti, ya rame, 'ya'yansa sun gama masa shirin tafiya ƙasar waje. Rabi ko gaisuwa bai yi ba.

Ya ce, "Tashi, ɗan bidi'a, ƙofa na jira."

Afram ya ce, "Ka rasa abokin gardama ne ka biyo ni har nan?"

Ya ce, "Na rasa. Zannun ba ya jin Suryanci, gardama da shi kamar tuwo ba miya."

Afram ya ce, "Gwiwata ba za ta hau dutsen nan ba."

Ya ce, "Akwai alfadari. Dama shi ya fi dacewa da kai, ra'ayinku ɗaya."

Afram ya shiga tanti ya ɗauko hularsa. Ba su bar cacar baki ba tun daga sansanin har Barzaita, ni ina tuƙi kunnena yana zafi. A shekarar ƙofa ta buɗu. Afram bai koma ba, kuma saboda bai koma ba ne gidajen cocin Yamma suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, har Abuna ya sami waɗanda zai yi wa limanci. Ku da kuka dawo, ku san wanda ya fara jawo ku ɗan cocin da ba naku ba ne.

Nahrain, 'yata, yanzu ke. Mahaifinki da kansa ya raka ki filin jirgi, ya dawo bai ci abinci ba, amma bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Yakan nuna mana hotonki da kayan aikin asibiti, ya ce 'yarsa tana warkar da mutane a ƙasar da rana ba ta fitowa. Da ciwo ya kwantar da shi na je duba shi, na fara zancen ƙofa, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Kada ka ɗora wa yarinyar nan dutse a ka. Tana da gidanta, tana da 'ya'yanta. In ƙofar ta rufu, ta rufu da mutuncinta." Shi ya sa ban roƙe ki komai ba, kuma yanzu ma ba roƙo nake ba. Duk wanda ya dube ki da idon zargi a kan wannan magana, ya zo ya same ni.

Bayan jana'iza Afram ya same ni a gona. Ya ce, "Ranar idi zan hau. Zan tsaya a hagu in karanta nawa. Kada ka kuskura ka buɗe mini." Na ce na ji. Na riga na shirya zuciyata in ga tsoho na biyu durƙushe a waje, kuma na san wannan karon babu wanda za a je a ɗauko a mota.

Sai shekaranjiya Nahrain ta yi sallama a gidana. Ta ce, "Baffa, mace tana iya tsayawa a dama?" Na ce kakata ta ba ni labarin wata tsohuwa da ta tsaya a shekarar annoba, ba wanda ya hana. Ta ce, "To me ake cewa? Ni a baya nake tsayawa cikin mata, ban taɓa jin kalmomin sosai ba." Kasha Toma ya shaida, kalmomin nan ba sa cikin littattafan coci, na garin nan ne kaɗai, uba yake koya wa ɗa. Ni ina jin su kowace shekara, amma ban san inda wata kalma ta ƙare wata ta fara ba. Duk duniya saura mutum ɗaya da ya tsaya kusa da su shekara da shekaru yana jin su sarai, yana girgiza kai don bai yarda da su ba. Na ce mata, "Sai dai ki je wurin Afram." Ta dube ni, na dube ta, don mun san sunan da na Gabas suke kiran Nana Maryam da shi yana cikin kalmomin nan.

Yau da safe na bi ta shagon matsar zaitun, na ji murya. Na leƙa. Nahrain tana zaune a kan buhu, Afram yana tsaye a kanta da sandarsa. Yana cewa, "A'a, ba haka ba, wannan irin tamu ce. Wangale bakinki yadda ubanki yake yi." Ya karanta, ta maimaita. Da suka iso wurin sunan Nana Maryam na ɗauka nan zai tsaya. Sai na ji ya ce Uwar Almasihu, da irin furucin Rabi, ba kuskure ko kaɗan. Sunan da kakanninsa suka gwammace a kore su daga cocinsu da su tsaya a kansa. Ya juyo ya gan ni, ya share ido da hannun riga, ya ce, "Me kake kallo? Ka gaya wa mutane ban yarda da ko kalma ɗaya ba." To Afram, ga shi na gaya musu. Abuna, in akwai horo a kan wannan, a raba mana ni da shi.

Da muka fito Nahrain ta ce mini, "Baffa, bana kaɗai na yi alkawari. Ban san baɗi ba." 'Yata, ba wanda ya taɓa sanin baɗi. Mahaifinki bai sani ba ranar da ya durƙusa a waje. Kakanninki da kakannin Afram da nawa, shekara ɗaya-ɗaya suka ɗauko abin nan har ya iso hannunmu. Bana ta ishe mu, kuma mun gode.

Ina godiya ga matan da suka kwana a kan tukwanen faten alkama da nama, na coci biyu da na masallaci, ba mai iya gane wace tukunya ce ta wa. Ina godiya ga waɗanda suka zo daga nesa, da ku duka da kuka yi haƙuri da surutun tsoho.

Limamansa sun yi masa addu'a irin tasu. Ni na san iyakata, Liman yana ji. Abin da zan ce, na shaida maƙwabci ne nagari, bai ci amana ba, bai yarda an ci saboda shi ba, kuma na bar shi ga Ubangijin da ya fi mu sanin bayinsa. Allah ya ba Nahrain da iyalinta haƙuri, ya raya mata 'ya'yanta. Allah ya ƙara wa gwiwar Afram ƙarfi. Allah ya kiyaye Barzaita daga sake gudu. Allah ya kai mu ranar idi, ya sa in ji murya biyu a bakin ƙofa kafin in sa makulli. Amin.